Yadda ake zaɓar kondansatar akwatin daidaita eriya don kada ta yi tartsatsi ko ta ƙone

Tambaya guda ce take ta dawowa daga masu karatu, na nan Yamai da na Tawa har da na tsallaken iyaka: "Rediyona wat 100 ne, wace kondansata zan sa a akwatin daidaita eriya?" Akwatin nan shi ne wanda ake sa wa tsakanin rediyon aika saƙo da eriya don turjiyarsu ta dace da juna. Wannan tambaya ba ta da amsa guda, domin yawan wat shi kaɗai ba ya faɗin abin da kondansata za ta gani. Wat 100 ɗin nan zai iya ɗora mata bolt 100 a kan wata eriya, ya ɗora mata sama da bolt 2,000 a kan wata. Abubuwa uku ake nema kafin a taɓa aljihu: yawan pF ɗinta (pikofarad, ma'aunin girman kondansata), ƙololuwar bolt da za ta jure, da ampa nawa za su ratsa ta. Ga yadda ake fitar da su bi da bi.

Tun da fari, duk abin da ke ƙasa na wanda yake da lasisi ne da alamar kira mai farawa da 5U, wato ta Nijar. Wanda bai samu ba tukuna ya fara zuwa ARCEP, hukumar kula da sadarwa ta Nijar, ya yi ta saurare kafin nan.

1. Tara kayan aiki

Kana bukatar NanoVNA, ƙaramar na'urar nan da ke auna turjiyar eriya, sai ma'aunin SWR, mai nuna yadda eriya ta dace da rediyo (1:1 shi ne cikakken daidaito), da ma'aunin kondansata mai karanta pF, da ƙarfen dalma mai zafi sosai. Ka ƙara da kalkuleta da littafin rubutu. Sai abu guda da ake yawan mantawa da shi: siraran ƙarafan nan da makanikai ke auna tazarar bakin buji da su. Da su za ka auna tazarar da ke tsakanin farantan kondansata, kuma wannan tazara ita ce rabin aikin. In ba ka da NanoVNA ka aro, awon yini guda ne.

2. Auna eriyar a inda akwatin zai zauna

Ka ɗaura eriyar a wurinta na dindindin, a tsayin da za ta zauna, sannan ka auna a ƙarshen wayar da za ta shiga akwati. Na'urar za ta ba ka lambobi biyu a kowane zango, R da X, ɓangarori biyu na turjiyar eriya, duka a om: R ita ce mai karɓar ƙarfi, X kuwa ba ta karɓa, ita ce akwati zai soke. Ka rubuta su a mita 80 wajen 3.6 MHz, a mita 40 wajen 7.1 MHz, a mita 20 wajen 14.2 MHz, da duk wani zangon da kake son aiki a kai.

Gargaɗi: kafin ka haɗa NanoVNA, ka taɓa wayar eriyar da ƙasa ta sauke cajin da ta tara. Iskar hunturu mai ƙura tana cika doguwar waya da caji har ka ji tana tas-tas, kuma wannan ya isa ya kashe na'urar nan take. Haka kuma kada ka dogara da awon da aka yi a gidan wani. Rufin kwano, katangar siminti mai rodi, busasshiyar ƙasar rani da jiƙaƙƙiyar ƙasar damina, kowanne yana sauya lambobin.

3. Zaɓi tsarin akwatin

Tsari biyu ne aka fi haɗawa da hannu. Tsarin L yana da bobin guda, wato naɗaɗɗiyar waya, da kondansata guda, asararsa kaɗan ce, kuma wurin daidaito guda ne tak a kowace eriya, don haka ba ka da damar yin kuskure. Tsarin T yana da kondansata biyu a jere da bobin a tsakiyarsu zuwa ƙasa. Shi ne a cikin yawancin akwatunan hannu da ake sayarwa, saboda yana karɓar kusan kowace eriya. Sai dai yana daidaituwa a wurare da dama, wasu masu kyau, wasu masu dafa kaya.

In eriyarka guda ce kuma ka san ta, ni L zan ce ka haɗa. In kai mai yawan sauya waya ne, T ya fi maka sauƙi, amma ka karanta mataki na 5 da natsuwa.

4. Fitar da yawan pF

Lissafi guda ne ginshiƙi. Turjiyar kondansata, wato Xc, ana samun ta ne idan aka raba 159,000 da sakamakon MHz sau pF. Misali pF 250 a 3.6 MHz: 3.6 sau 250 ya ba da 900, a raba 159,000 da 900, an samu om 177. Ana kuma juya shi: in ka san Xc ɗin da kake so, ka raba 159,000 da MHz sau Xc, ka samu pF.

Mu ɗauki eriyar da ta fi yawa a gidajen da fili ya yi ƙaranci, wato waya mai tsawon rabin zango da ake ciyarwa daga ƙarshe, kamar mita 20 don zangon mita 40. Turjiyarta takan kai om 2,000 zuwa 3,000, mu ce 2,500. A tsarin L ka raba babbar turjiya da ƙarama, 2,500 na eriya da 50 na rediyo, an samu 50. Ka cire 1, saura 49. Tushensa 7, wannan shi ne Q. Kondansata tana tsayawa a ɓangaren babbar turjiya, kuma Xc ɗinta 2,500 ne a raba da 7, wato om 357. Bobin kuwa 50 sau 7, om 350. A 7.1 MHz wannan ya zama pF 63 da bobin mai kusan mikrohenri 8. Waya mai irin wannan turjiya a 3.6 MHz tana neman pF 124, a 14.2 MHz pF 31 kacal. Ka ga ke nan mai juyawa ta pF 150 ta wadatar.

Yanzu a juya lamarin. Eriya mai ƙaramar turjiya, om 12.5 a 3.6 MHz: 50 a raba da 12.5 ya ba da 4, a cire 1 saura 3, tushensa 1.73. A nan kondansata tana komawa ɓangaren rediyo, Xc ɗinta 50 a raba da 1.73, om 29. Wannan kuwa pF 1,500 ne da ɗoriya. Babu mai juyawar da za ta ba ka haka a farashi mai hankali, sai dai ka haɗa mai juyawa ta pF 500 da wasu tsayayyu da ake ƙarawa da makunni.

A tsarin T, pF 250 kowace ita ce aka saba gani. Tana aiki lafiya daga mita 40 zuwa sama, tana yin maneji a mita 80. In mita 80 ne abin da ya fi damunka, ka nemi pF 500.

Gargaɗi: ka auna mafi ƙanƙantar pF ma, lokacin da farantan suke buɗe gaba ɗaya. Babbar kondansata da ba ta sauka ƙasa da pF 40 za ta hana ka daidaitawa a mita 10, musamman in ka ƙara da dogayen wayoyin haɗi a cikin akwati.

5. Fitar da ƙololuwar bolt

A nan ne ake asarar kaya, don haka zan daɗe.

Tartsatsi ba ruwansa da matsakaicin ƙarfi, ƙololuwa yake bi. Duk bolt ɗin da lissafi ya ba ka na RMS ne, wato matsakaicin, sai ka ninka shi da 1.41 kafin ka samu ƙololuwar. Wat 100 a kan om 50 bolt 71 ne, ƙololuwa 100. Wannan lambar ce take yaudarar mutane, su ɗauka duk kondansatar da ta kai bolt 250 ta isa.

Koma ga wayar nan mai om 2,500. Wat sau turjiya, 100 sau 2,500, ya ba da 250,000, tushensa bolt 500, ƙololuwa 707. Kondansatar tsarin L tana tsaye ne daidai a wannan wuri, duk nauyin a kanta yake.

Wadda ta fi ba da mamaki ita ce gajeriyar waya. A ce NanoVNA ta nuna R 15, X kuma 600 da alamar ragi, a 3.6 MHz, kamar yadda ake gani in an tilasta wa gajeriyar waya aikin mita 80. Ampa da ke shiga eriya ana samun su daga R: 100 a raba da 15, a ɗauki tushe, ampa 2.6. Amma bolt ɗin da ke bakin akwati ampa ne sau dukan turjiyar, wato 2.6 sau 600, kusan 1,550, ƙololuwa wajen 2,200. Da wat 100 kacal. Duk lokacin da ka ga X ya yi girma R ya yi ƙasa, ka san akwatinka zai sha wuya, kuma sau da yawa ƙara wa wayar mita uku ko huɗu ya fi sayen babbar kondansata arha.

A tsarin T lissafin ya fi sauƙi, domin kondansatocin a jere suke: bolt ɗin kowace ampa ne sau Xc. Ta ɓangaren rediyo kullum tana ɗauke da ampa 1.41 a wat 100. In tana rufe a pF 250 a 3.6 MHz, 1.41 sau 177 ya ba da 250, ƙololuwa 354, babu damuwa. In ka buɗe ta zuwa pF 50, Xc ya haura om 884, bolt ya zama 1,250, ƙololuwa kusan 1,770. Rediyo guda, eriya guda, SWR kuma yana iya nuna maka 1:1 a duka biyun. Ta ɓangaren eriya ma haka take: da eriya mai om 10, ampa 3.2 ne ke ratsa ta, a pF 250 ƙololuwa wajen 790, a pF 100 kusan 2,000.

Bolt ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wat. Sai ka ninka wat sau huɗu kafin bolt ya ninka sau biyu. Wanda ya tashi daga wat 100 zuwa 400, bolt 707 ɗinsa ya koma 1,414. Wanda ya sauka zuwa wat 25 ya rage shi da rabi.

Bayan ka samu babbar lambar da ta fito a duk zangunan, ka ninka ta sau biyu, wannan ce za ka nema a kasuwa. A ƙasashe masu tsabtar iska wasu sukan tsaya a ɗaya da rabi. A nan ba zan ba kowa wannan shawara ba.

Gargaɗi ga masu sha'awar ƙaramar eriya mai zobe: kondansatarta tana ganin bolt dubu uku zuwa biyar a wat 100. Kada ka gwada ta da kayan da aka ambata don akwatin L.

6. Mai da bolt zuwa tazarar faranti

Tsohuwar kondansata mai iska da wuya ka samu an rubuta bolt a jikinta, tazarar faranti ce za ta gaya maka. Busasshiyar iska mai tsabta tsakanin shafaffun ƙarafa tana jure wajen bolt 3,000 a kowane milimita, amma faranti na gaske yana da kaifin baki, yana da lanƙwasa, yana da datti. Masu ƙera su sukan ƙidaya abin da bai kai haka ba sosai. Ni a Yamai bolt 1,000 nake ƙidaya wa milimita guda, saboda ƙurar da ke shiga ko'ina daga Disamba zuwa Fabrairu, sannan damina ta zo ta jiƙa ta ta zama hanyar wuta. Da wannan ma'auni, wayar om 2,500 a wat 100 tana son milimita 1.5, tsarin T na wat 100 kuma milimita 1 zuwa 1.5 in ana daidaita shi yadda ya kamata.

Ka zura ma'aunin buji a wurare da yawa, kana juya sandar a hankali daga buɗe zuwa rufe. Wurin da ya fi matsewa shi ne tazarar gaskiya. Sannan ka ɗaga ta sama ka hango haske ta tsakanin farantan, layukan hasken su zama daidai wa daida. In ka ga baƙin ɗigo ko ɗan ƙurji a bakin faranti, ta taɓa yin tartsatsi, kuma a nan za ta sake yi sai an goge wurin da lallausar takardar yashi ya koma sumul.

7. Duba ampa da zafi

Bolt yana huda kondansata farat ɗaya, ampa kuwa a hankali yake dafa ta. Mai iska ba ta cika damuwa da wannan ba sai a wurin ƙarfen da ke gogar sanda, wanda in ya yi datti yake zafi. Tsayayyun kondansatoci su ne abin tsoro.

Shuɗayen nan masu kama da ƙwayar magani da ake cirowa daga tsohuwar talabijin, an rubuta 2kV ko 3kV a jikinsu, suna jan hankali saboda arha. Yawancinsu irin Y5V ne ko makamancinsa, ba a yi su don igiyar rediyo ba. Asararsu tana kai kashi biyu da rabi cikin ɗari na Xc. A om 177 wannan om 4.4 ne, ampa 1.41 kuma ya mai da shi wat 9 na zafi a cikin abin da bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba. Irin C0G, wanda ake kuma rubutawa NP0, asararsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin dubu ba, wato ƙasa da rabin wat a wuri guda. Saboda haka C0G, ko mika mai azurfa, ko manyan nan na tangaran masu kusoshi biyu irin K15U na Rasha, su ake nema. Alamar an sa marar kyau ita ce SWR ya riƙa hawa da kansa bayan daƙiƙa kaɗan da danna makullin aikawa, ya sauka in an huta.

Maimakon guda ta pF 1,000, ka jera huɗu na pF 250 gefe da gefe su raba ampa. In bolt ne ya yi ƙaranci, biyu iri ɗaya a bi da bi suna ninka bolt, amma pF ya ragu da rabi.

Gargaɗi ga masu FT8, tsarin aika saƙon dijital ta kwamfuta: murya a SSB, tsarin aika magana, tana hawa tana sauka, kaya suna samun hutu. FT8 kuwa yana riƙe cikakken ƙarfi kusan daƙiƙa 13 a kowane zagaye na daƙiƙa 15 da kake aikawa. Shi ya sa akwatuna masu daidaita kansu da yawa da aka rubuta wa wat 100 suke iyakance aikin dijital a wajen wat 30. A watan Afrilu da Mayu, da ɗaki ke haura digiri 40, ka ƙara ragewa.

8. Nemo kayan

Mafi arha ita ce kasuwar Katako ta Yamai da rumfunan masu gyaran rediyo. Tsofaffin manyan rediyoyi masu fitila suna da kondansata mai iska mai ɗaki biyu, kowane ɗaki pF 365 zuwa 500. Tazararsu ba ta kai rabin milimita ba, don haka bolt ɗari biyu zuwa uku za ka ƙidaya musu. Sun dace da wat 5 zuwa 20, sun kuma dace da ɓangaren om 50 na tsarin L ko a wat 100, inda ƙololuwa 100 ce kawai. Ka sayi rediyon gaba ɗaya a matsayin matacce, ya fi sauƙin ciniki da a ce ka nuna abin da kake so a ciki. Ƙananan na roba da ke cikin rediyon aljihu kuwa kada su wuce wat 5.

Mai faɗin tazara sai an yi odarta daga waje, kuma kuɗin jigila da na kwastan sukan yi gogayya da kuɗin kayan. Mai rufaffen gilashi marar iska, irin ta Jennings ko Comet, ita ce ƙura ba ta shiga, tana jure dubban bolt, amma guda ɗaya tana iya fin duk sauran akwatin tsada. A wat 100 ban ga dalilinta ba sai don eriya mai zobe.

Akwai hanyoyi biyu na gida. Kebul ɗin RG-213 yana da wajen pF 100 a kowane mita, kuma yana jure dubban bolt. Santimita 63 ya ba ka pF 63 ɗin da wayar mita 40 take so. Ka yanke shi da ɗan tsawo, ka riƙa datsewa kaɗan-kaɗan kana duba SWR, sannan ka janye ragar ƙarshen baya da santimita guda ka rufe bakin, don a nan yake tartsatsi. Na zango guda ne, amma ba ya ɓaci. Ta biyu ita ce ƙera farantai da fallen alminiyom: pF na kowace tazara 0.0885 ne sau faɗin faranti a murabba'in santimita, a raba da tazara a santimita. Faranti mai murabba'in santimita 50 da tazarar milimita 1.5 yana ba da pF 29.5, farantai 10 suna da tazara 9, jimla pF 265. Wahalar tana wajen goge bakin kowane faranti har kaifi ya tafi.

9. Haɗawa

A tsarin T jikin kondansatocin biyu duk da wuta a kansa. Ka ɗora su a kan fallen roba mai kauri, nesa da bangon akwati da aƙalla santimita biyu, ka kuma sa mahaɗin roba tsakanin sanda da abin murɗawa. Ƙaramar ƙusar da ke riƙe abin murɗawa ta isa ta ƙona maka yatsa, ƙunar igiyar rediyo kuma tana shiga ciki tana daɗewa ba ta warke ba. Wayoyin haɗi su zama gajeru masu kauri, dalma ta kwanta sumul ba tsini. Ka sa resista mai megom 1 ko fiye, wadda ke jure babban bolt, daga bakin eriya zuwa ƙasa don ta riƙa zubar da cajin ƙura. Wannan ba ta kare tsawa, in hadari ya haɗo ka cire eriya gaba ɗaya. Akwatin ya zama mai murfi, ramukan shan iska kuma a lulluɓe su da ƙyalle mai laushi.

10. Gwaji da daidaitawa

Fara da NanoVNA a madadin rediyo, ka nemo wurin daidaito ba tare da ka aika ko wat guda ba. A tsarin T ka rufe kondansatar ɓangaren eriya gaba ɗaya, ka nemi daidaito da bobin da ɗayar. Sai in ya ƙi ne za ka buɗe ta kaɗan ka sake. Abin da kake nema shi ne pF mafi yawa da bobin mafi ƙanƙanta da za su ba ka SWR mai kyau. Ka rubuta wuraren a takarda ka manna a murfi.

Daga nan ka haɗa rediyo a wat 5, sai 25, sai 50, sai 100, kowanne daƙiƙa goma. Gwajin farko ka yi shi da dare, murfi a buɗe, fitila a kashe, hannu nesa: tartsatsi shuɗi ne, yana da ƙara siririya, allurar SWR kuma tana tsalle tare da shi. Da ka gani ka saki makulli. Kada ka taɓa juya makunnin bobin kana cikin aikawa, bakinsa zai ƙone. Bayan kowane mataki ka kashe, ka taɓa tsayayyun kondansatoci da bobin da bayan yatsa. Ɗumi kaɗan ba laifi. In ba ka iya barin yatsa a kai ba, ka koma mataki na 7, ko ka sauya tsawon eriyar. In ta yi tartsatsi a wat 50, iyakar aikinta a wannan zango wat 25 ne har sai ka samu mai faɗin tazara. Ƙarshen kowane hunturu ka buɗe akwatin ka hure ƙura da famfon iska, ka wanke farantan da alkol, ka bari su bushe sarai kafin ka mai da wuta.